Haɗa Ɗauka Biyu da Mayafin Haske: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Hoton Kogi, Dutse da Sararin Sama a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon hoton fili suka fi yi mini a nan Kaduna, musamman waɗanda suka saba da hoton biki da na situdiyo, yanzu kuma suke so su gwada hannunsu a bakin kogi ko gindin dutse. Sunayen maɓallai da na umarni na bar su yadda suke a fuskar kwamfuta, don kada mutum ya sha wahalar nemansu.

Malam, me ya sa in na ɗauki faɗuwar rana, ko dai sama ta yi fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin?

Hasken da ke gabanka ne ya fi ƙarfin abin da kyamara za ta iya kwashewa a ɗauka ɗaya. Masu hoto suna auna haske mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Manyan kyamarorin yanzu suna riƙe kusan mataki 14 a mafi ƙanƙantar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, amma wannan lissafin ɗakin gwaji ne. Matakan ƙarshe na ɓangaren duhu cike suke da yashi-yashi, ba abin da za ka so ka nuna wa mutane ba ne.

Idonka kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ka ɗaga kai ka dubi gajimare, ƙwayar ido ta tsuke. Ka sauko kan duwatsun bakin Kogin Kaduna, ta buɗe. Ƙwaƙwalwa ta haɗa maka su, kai kana ganin kallo ɗaya ka yi. Kyamara ba ta da wannan gatan, dole ta zaɓi ɗaya. Shi ya sa muke ɗaukar wuri guda sau biyu ko uku, ɗaya don sama, ɗaya don ƙasa, sannan mu haɗa su a kwamfuta.

To, mene ne mayafin haske?

Hoto ne baƙi-da-fari da ake cirowa daga jikin hotonka, a ɗora shi kan leya, wato hoton da aka shimfiɗa kan wani a manhaja, ya nuna wa manhaja inda za ta bayyana da inda za ta ɓoye. In za ka nemi darasinsa a intanet, luminosity mask ake ce masa. Ƙa'idar kowane mayafi a Photoshop ɗaya ce: fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa, ruwan toka kuma yana bayyanawa gwargwadon haskensa.

Duk wanda ya taɓa ganin mai ƙunshi tana liƙa salatif a ƙafar amarya kafin ta shafa lalle ya gane rabin zancen: inda aka rufe, lalle ba ya kamawa. Sai dai a nan ba kai ne mai yanka salatif ɗin ba. Hasken hoton ne yake yanka shi da kansa, ɗigo bayan ɗigo, kuma ba buɗewa da rufewa kaɗai ya iya ba, yana da matakai masu yawa a tsakani. Gajimare mai ƙyalli zai fito fari a mayafin, inuwar gindin bishiya ta fito baƙa, bakin kowane ganye kuma ya sami daidai rabonsa. Tunda daga hoton aka haife shi, ba yadda za a yi ya kauce wa layukan hoton. Wannan ne duk ƙarfinsa.

Kayan aikin sun daɗe a cikin Photoshop, amma wani mai hoto ɗan Amurka, Tony Kuyper, shi ya yaɗa hanyar da bayanin da ya wallafa a 2006. Yawancin masu koyar da ita yau daga can suka ɗauko.

Ba zan iya goge saman da burushi kawai ba? Ko in sa gilashin nan mai rabi duhu rabi haske a gaban lens?

Za ka iya, in bakin sama miƙaƙƙe ne, kamar ka tsaya gaban ruwan dam ɗin Kangimi babu abin da ya tokare. Gilashin yana yin aikinsa a nan sarai. Amma ka je Zariya ka sa Dutsen Kufena a gaba: gilashin ba ya san dutse, zai baƙanta kansa tare da sama, gindinsa kuma ya bar shi da haske. Ko ka je lambun Gamji a nan Kaduna ka ɗauki Gadar Lugard, wadda aka ɗauko daga Zungeru, sama tana leƙowa ta kowace kafa ta saƙar ƙarafunanta. Wane hannu ne zai bi waɗannan kafofin da burushi ɗaya bayan ɗaya bai bar tabo ba? Irin nan ne mayafin haske yake biyan wahalarsa.

Yaya zan yi ɗaukar tun a fili?

Rabin aikin a nan yake ƙarewa. Wanda ya dawo da ɗauka masu kyau, haɗin minti goma ne. Wanda ya dawo da masu motsi zai kwana yana faci.

Ka kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku, ka danna ƙafafun su zauna sosai, musamman a yashin bakin kogi da yake nutsewa a hankali. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba. Ka sa ISO a mafi ƙanƙanta, buɗin lens a wajen f/8 ko f/11, ka daidaita fokas sannan ka mayar da shi na hannu don kada ya yi tsalle tsakanin ɗauka da ɗauka. Daidaiton launi ma ka cire shi daga kan otomatik. Abu ɗaya tak ake so ya canja, gudun shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. In ka taɓa buɗin lens, zurfin fokas zai bambanta, ɗaukar ba za su hau kan juna daidai ba.

Galibin kyamarori suna da tsarin da zai jero maka ɗaukar da kansa. A Canon AEB ne, a Nikon BKT. An saba da uku: ɗaya a tsakiya, ɗaya ƙasa da mataki 2, ɗaya sama da mataki 2. Ka haɗa shi da jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka ya bar jikin kyamara kafin ta fara.

Kada ka amince da abin da ƙaramin gilashin bayan kyamara ya nuna maka, da magariba komai kyau yake yi a kansa. Histogiram za ka duba, wato zanen nan mai kama da tudu da ke nuna rabon haske, duhu a hagu, haske a dama. A ɗauka mai duhu, tudun bai kamata ya jingina da bangon dama ba, in ban da ƙwayar rana kanta. A mai haske kuma ya janye daga bangon hagu. In ka sami waɗannan biyun, ka gama.

Wani abu kuma da darussan Turai ba sa faɗa mana: Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin Ikwaita, rana a nan miƙewa take yi ƙasa, ba ta jan ƙafa. Launin da kake nema bai fi minti ashirin da 'yan kai ba bayan ta faɗi, kuma daidai lokacin ake kiran sallar magariba. Ka isa da wuri, ka gama tsara komai tun rana na sama, ka san inda za ka yi sallarka. In ka tsaya latse-latse tsakanin ɗauka, gajimaren ya riga ya canja.

Ɗauka nawa ya kamata?

A fili ka ɗauki uku, ko biyar in rana tana cikin hoton. A kwamfuta kuwa ka yi amfani da mafi ƙarancin da zai biya buƙata. Sau da yawa biyu sun isa. Kowace leya da ka ƙara, ka ƙara wa kanka wani baki da za ka yi gadi.

Akwai abin da zan yi kafin in kai su Photoshop?

Akwai, kuma mutane da yawa suna tsallake shi. A Lightroom ko Camera Raw, manhajojin gyara RAW, ka ba dukkansu daidaiton launi ɗaya da gyaran lens ɗaya, ka kunna mai cire jan layi da koren layin da lens ke bari a bakin abubuwa. Sannan ka kusanto da su: mai haske ka ɗan rage mata, mai duhu ka ɗan ɗaga inuwarta. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta ragu, wurin haɗin ba ya nunawa. Kada ka ƙara kaifi tukuna, wannan aikin ƙarshe ne.

Daga nan ka buɗe su a matsayin leya-leya cikin fayil ɗaya, a 16-bit, tsarin da ke riƙe matakan launi masu yawa. Ka zaɓe su duka ka yi Auto-Align Layers, ko da kan ƙafa uku ka ɗauka.

Yallaɓai, a nuna mini yadda ake yin mayafin da hannu, daga farko.

Ka sa ɗauka mai haske a ƙasa, mai duhu a kanta. Ka riƙe Alt ka danna alamar ƙara mayafi, sai leyar sama ta sami baƙin mayafi, ta ɓace gaba ɗaya. Abin da kake gani yanzu shi ne hoton da ƙasa ta yi kyau, sama ta ƙone. Daga wannan ake ciro mayafin, domin a nan ne sama da ƙasa suka fi rabuwa.

Ka shiga Channels, ka riƙe Ctrl ka danna kan RGB. Masu Mac su riƙe Cmd. Za ka ga ɗige-ɗige suna yawo a kan hoton. Abin da ka zaɓa shi ne hasken hoton kansa: fari an zaɓe shi ɗari bisa ɗari, ruwan toka na tsakiya kashi 50, baƙi ba a taɓa shi ba. Ka danna alamar adanawa a ƙasan akwatin, ka sa masa suna Haske 1.

Haske 1 yana da faɗi da yawa, ya kwaso har da ciyawa da duwatsu masu ɗan haske. Don ka tsuke shi, zaɓin yana nan a kunne, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift tare ka danna kan Haske 1. Manhaja za ta ninka zaɓin da kansa: abin da yake kashi 50 ya koma 25, fari kuma ya tsaya a ɗari. Ka adana, Haske 2 ke nan. Ka maimaita a kan sabon, ka sami Haske 3. In ɓangaren duhu kake so, ka ɗauko Haske 1 ka juya shi da Ctrl da Shift da I, ka bi wannan hanyar.

Yanzu ka danna su ɗaya-ɗaya ka duba da idonka. Kana neman wanda sama ta fito fari ko kusa da fari, ƙasa kuma ta yi baƙi. Sau da yawa Haske 2 ko 3 ne. In babu wanda ya dace sosai, ka kwafi mafi kusa ka matsa shi da Levels, kayan daidaita fari da baƙi, har su rabu.

Ga inda hannu yake shigowa. Kada ka zuba mayafin kai tsaye kan leya. Ka riƙe Ctrl ka danna wanda ka zaɓa ya zama zaɓi, ka koma Layers, ka danna kan baƙin mayafin nan, ka ɓoye ɗige-ɗigen da Ctrl da H don kada su cika maka ido. Ka ɗauki babban burushi mai laushi, launi fari, ƙarfinsa kashi 20 zuwa 30, ka riƙa shafa sama a hankali. Za ka ga gajimare yana dawowa, ja da ruwan goro suna fitowa, burushin yana wucewa ta kan bishiya amma bai ɓata ta ba, domin zaɓin ya tsare ta. Inda ya fi ƙonewa ka ƙara shafawa, inda yake daidai ka bar shi. In ka gama ka cire zaɓin da Ctrl da D. Wanda ya manta da wannan zai yi ta mamakin me ya hana sauran kayan aiki yin aiki.

Wani gargaɗi ya fito cewa babu ɗigon da aka zaɓa sama da kashi 50. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba. Ɗige-ɗigen suna kewaye abin da zaɓinsa ya haura rabi ne kawai. Zaɓin yana nan, ba a ganinsa ne. Ka danna OK ka ci gaba.

Na haɗa, komai ya fito, amma hoton ya zama lami, ba armashi. Me ya faru?

Nan gizo ke saƙar, kuma a kan wannan na fi damuwa fiye da duk maɓallan da na lissafa. Wanda ya ga dabarar ta yi masa aiki karon farko, sai ya so ya ceto kowane ɗigo: sama ta yi nauyi, kowace inuwa ta buɗe, har ƙarƙashin dutse ana ganin tsakuwa. Sakamakon shi ne hoton da babu inda haske ya fito, babu inda ya nufa. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma zai ji cewa wurin nan ba haka yake ba.

Ka tuna yadda abin yake lokacin da kake tsaye. Sama ita ce fitilar, dole ta fi ƙasar da ke cikin inuwa haske. Hoton gajimare a cikin ruwa ya fi gajimaren kansa duhu, in ka juya wannan ka karya hoton. Kewayen rana kusan fari yake, ka bar shi haka, rana mai ruwan toka ba ta taɓa fitowa a Kaduna da damina ba. Gindin kurmi kuma duhu ne da shi, kuma wannan duhun ne yake sa hasken da ya sauka kan dutse ya yi daɗin kallo.

A aikace, bayan ka gama shafawa, ka rage ƙarfin leyar sama zuwa kashi 60 ko 70 ka gani. Sau da yawa a nan hoton yake farfaɗowa. Sannan ka ƙara ɗan Curves, kayan ƙarfafa bambancin haske da duhu, a matsakaitan launuka, domin haɗi yana cinye bambancin haske da duhu. Ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka duba shi ƙarami, girman da zai fito a waya. Idon da ya daɗe kan hoto yana sabawa da kowane irin wuce gona da iri.

Ina ganin farin zare a bakin dutse, ganyen bishiya kuma sun yi wani baƙi-baƙi a gefe.

Ka kusanto da hoton zuwa ɗari bisa ɗari ka dubi reshen dogon yaro guda ɗaya da sama ke bayansa. A ɗauka mai haske, hasken sama ya malalo ya cinye gefen ganyen, ya zama siriri fiye da yadda yake a mai duhu. Ɗigon da ke gefen ba na sama ba ne, ba na ganye ba ne, yana tsakani. Idan mayafi bai kai gare shi ba, ya rage da haskensa, farin zare ke nan. Idan ya wuce shi, sai ganye ya sami baƙin gefe da tsakiya mai haske.

Maganin farko shi ne rage tazara, kamar yadda na faɗa a baya. In tsakanin ɗaukar biyu mataki 4 ne, ka sa ta tsakiya a maimakon mai haske sosai. Na biyu, ka buɗe mayafin da Alt ka matsa tsakiyar Levels kaɗan-kaɗan kana kallon gefen. Na uku, wanda na fi so ga bishiya mai yawan ganye: ka ɗauko bishiyar dukkanta daga ɗauka mai duhu tare da samanta, ka sauko da wurin haɗin ƙasa, inda babu sama a baya. Bishiyar da rana ke bayanta dama duhu take yi, ba wanda zai tuhume ka.

Abin da ba na ba da shawara shi ne dusashe mayafin da Gaussian Blur. Yana ɓoye zaren, amma ya haifar da wani farin hayaƙi mai faɗi da ke bin bakin dutse, wanda ake hangowa tun daga nesa.

Iska tana kaɗa ciyawa, ruwa yana gudu. Yaya zan haɗa abin da bai tsaya ba?

Duk abin da ke motsi, daga ɗauka ɗaya ake ɗauko shi. A Matsirga, kusa da Kafanchan, ruwan da ke zubowa fari ne tas, dutsen da ke bayansa kuma jiƙaƙƙe ne mai duhu. In ɗaya ɗaukar ta yi kwatan daƙiƙa, ɗayar kuma ɗaya bisa sittin, ruwan farko zai yi sulɓi, na biyu ya yi tsattsage. Ka cakuɗa su rabi-rabi, ka sami abin da ba wannan ba wancan. Ka zaɓi wanda ya yi maka, ka shafa shi cikakke.

In iska ta yi yawa, akwai hanya biyu. Ka bar gudun shata yadda yake ka ɗaga ISO don ɗauka mai haske. Ko ka ɗauki RAW guda wanda sama ba ta ƙone ba, ka gyara shi sau biyu, ɗaya don sama ɗaya don ƙasa, ka haɗa su da mayafin. Tunda hoto ɗaya ne, ko ganye ɗaya ba zai kauce ba.

Da hunturu fa, lokacin hazo?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yawancin kwanaki ba ka buƙatar haɗi ko kaɗan. Ƙura ta riga ta tausasa haske, rana ta zama farin faifai da ido ke iya kallo, histogiram ya taru a tsakiya. Ɗauka ɗaya ta wadatar. Tsaunukan Kagoro a irin wannan lokaci jeruwa suke yi, na kusa mai duhu, na bayansa ya fi shi haske, na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama. Wannan jerin shi ne hoton. Ina jin takaici in na ga an danne shi da Dehaze, maɓallin cire hazo, har tsaunin nesa ya yi baƙi kamar na kusa, don kawai a kwaikwayi hotunan wasu ƙasashe. Hazon namu ne, kuma yana da kyansa.

Mayafin yana da amfani a nan ta wata hanyar: ka ɗauki na ɓangaren duhu ka ɗan ƙarfafa dutsen gaba kaɗai, nesa ta zauna da laushinta. Sai kuma ƙurar da ke shiga kyamara. A f/11 zuwa sama za ka ga ɗige-ɗigenta a sararin hoton, wuri ɗaya a kowace ɗauka. Ka share su tun a RAW ka kwafa gyaran zuwa sauran, kuma ka guji canja lens a fili.

Lightroom yana da maɓallin HDR da ke haɗawa da kansa. Me zai sa in wahala?

Ka fara gwada shi. Tun 2015 yake cikin Lightroom, yana ba ka fayil ɗin DNG mai faɗin haske, kuma in babu motsi sosai yana yin kyau. Tun 2017 kuma akwai Range Mask da ke zaɓe bisa haske, ɗan'uwan mayafinmu ne. Inda hannu ya fi shi shi ne wurin zaɓi: kai kake cewa ruwa daga nan, ganye daga can, wannan inuwar a bar ta. A Photoshop ma akwai gajeriyar hanya, Blend If, cikin Layer Style. Ka riƙe Alt ka raba ɗan maɓallin gida biyu don haɗin ya yi laushi. Ga hoto mai sauƙi ya isa.

Sai na sayi irin su TK, Lumenzia ko Raya Pro?

A'a. TK na Tony Kuyper ne, Lumenzia na Greg Benz, Raya Pro na Jimmy McIntyre, kuma dukkansu kayan aiki ne na ƙwarai da ake ƙara wa Photoshop don yin mayafai, masu rage lokaci. Amma abin da suke yi da danna ɗaya shi ne abin da ka koya a sama. Ka yi da hannu har ka iya kallon hoto ka hango mayafinsa, sannan ka duba aljihunka. Kafin nan, ka naɗi matakan a Actions, ka sami naka kyauta.

Yaya, ni ba ni da Photoshop, waya ce da ni da tsohuwar laftof.

Ƙanwata, wannan bai hana ki ba. GIMP kyauta ne, yana aiki da 16-bit tun fitowar 2.10 a 2018, kuma wajen ƙara mayafi yana da zaɓin ya yi shi daga kwafin leyar mai ruwan toka, sai ki matsa shi da Levels. Darktable ma kyauta ne, yana buɗe RAW, yana da mayafai masu bin haske. Sun fi miki kwanciyar hankali a kan manhajar da aka fasa, wadda ba ki san abin da aka cusa a cikinta ba. Yawancin wayoyin zamani kuwa sun riga suna haɗa ɗauka da yawa da kansu in kika danna. In taki tana da tsarin Pro mai ba da RAW, ki ɗauka ki gyara sau biyu kamar yadda na bayyana.

Kwamfuta tana nauyi, sama kuma tana fitowa layi-layi.

Layi-layin daga 8-bit yake zuwa. Matakai 256 kacal gare shi a kowane launi, in ka ja su a sama mai sulɓi sai tsanin ya bayyana. A 16-bit matakan dubbai ne. Kuɗinsa shi ne nauyi: hoto mai megafiksel 24 yana cin kusan megabait 144 a kowace leya. Ka share mayafan da ka gama da su a Channels, su ma suna da nauyi. PSD, fayil ɗin Photoshop, yana tsayawa a gigabait 2, in ka wuce sai babban yayansa, PSB. Ka riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, ba a san lokacin ɗauke wuta ba.

Wajen fitarwa ka mayar da shi sRGB. WhatsApp da Facebook suna matse hoto, su ma suna jawo layin. In za ka tura wa mai bugawa, ka tura a matsayin fayil.

Tsakani da Allah, wannan ba yaudara ba ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma ta girmi kwamfuta. A shekarun 1850 Gustave Le Gray a Faransa yana haɗa gilashin hoto biyu, ɗaya na teku ɗaya na sama, domin kayan zamaninsa ba sa iya ɗaukar su tare. An kuma gano cewa ya yi amfani da sama ɗaya a hotuna daban-daban. Ka ga tun a hannun mutum ɗaya abubuwan biyu suka haɗu.

Ni ga inda na tsaya. In wuri ɗaya ne, kyamara ba ta motsa ba, cikin daƙiƙu kaɗan, kuma abin da ka fitar shi ne abin da wanda ya tsaya kusa da kai ya gani, ba ka yaudari kowa ba, gazawar na'ura ka cike. In ka ɗauko saman wata rana ko wata ƙasa ka liƙa a kan hoton Kajuru, abin da Sky Replacement na Photoshop, mai musanya sama, ya sauƙaƙa tun 2020, wannan zane ne. Ba laifi ba ne a yi zane, amma ka faɗa, kada ka bar mutane suna cewa Masha Allah ga yammacin da ba a taɓa yi ba. Aikin jarida kuma dokarsa daban: gasar World Press Photo ɗauka ɗaya take karɓa. Kowace gasa za ka shiga, ka karanta sharuɗɗanta, ka kuma adana fayilolin RAW ɗinka.

A ina zan fara gwaji?

A ɗakinka. Ka kafa kyamara da rana tsaka tana kallon taga a buɗe, ka ɗauki ɗaya don cikin ɗaki, ɗaya don waje. Ƙarafunan taga da gefen labule za su koya maka duk matsalar baki da za ka tarar a dutse, ba tare da rana tana tsere maka ba. In hannu ya faɗa, ka fita bakin kogi a watan Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ruwan sama ya wanke iska, gajimare kuma yana tashi da yamma.

In za ka fita wajen gari, ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin ka kama ta, ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka, kada ka tafi kai kaɗai. A cikin gari kuma ka nisanci kafa kyamara kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro sai da izini.